Gara a Bangon Baba

Asabar, 9 ga Afrilu, 1960

An sha ruwa, an yi Sallah, lokacin toshe-toshe ya zo. Kowace shekara kafin ruwan sama ya sauka nakan bi gidan nan da ƙwarya cike da laka, ina neman inda ɓera ya buɗe ƙofa ba da izinina ba. Sadiyatu, wadda ita ce uwargida ita ce amarya, ta ce da da hali da na toshe hancina kada sauro ya shiga. Na ce mata ina nazarin abin.

Bana na sami rami a gindin randa, wani a bayan murhu, da tsaga a ƙarƙashin dokin ƙofa wadda kunama za ta wuce da goyonta ba ta sunkuya ba. Laka, toka, ɗan kananzir. Wuriya kuwa ba a toshe ta, sai dai a sa mata ragar waya, ruwa ya fita, gafiya ta tsaya waje.

Ɗakin Baba ba aikin hannuna ba ne. Na aika wa Tambari magini.

Talata, 12 ga Afrilu

Tambari ya zo. Tare muka riƙe allo a zauren Baba, shi ya gudu ya bi ubansa gini, ni na tsaya har na zama malamin Larabci a makarantar gwamnati. Har yau ban san wanda ya fi wayo a cikinmu ba.

Ya ce kwanan nan ya gama wa Siddiƙu aiki a ɗaya gefen bangon. Na sani, ai kunnena ya sha bugu wata guda. Da Baba ya rasu aka raba gida, ƙanen nan nawa ya ɗauki babban tsakar gida da rijiya, ni na ɗauki ƙaramin ɓangare da ɗakin Baba da littattafansa. Mutane suka ce an cuce ni. Na ce ni ma rijiyar na ɗauka, tawa ce dai ba a zura mata guga. Aka bar 'yar ƙofa a tsakani don mata su riƙa ɗauko wuta da gulma.

Yanzu Siddiƙu ya zama wakilin wani kamfani mai sayen fatun jar akuya. Sun ce sai ya yi sito mai daɓen siminti, don haka ya jingina siton da bangon ɗakin Baba. A cikin bangon nan alkukin yake, mai zurfin kamu biyu, inda littattafan suke tun kafin a haife ni.

Tambari ya shafe bangon da makuba, sumul kamar goshin jariri. Da ya zo kan alkukin sai ya daɗe yana kallo. “Malam Ladan, ba ka mai da su ga akwati?” Na ce a nan Baba ya ajiye su duk rayuwarsa. Ya ce, “To.” Tambari bai saba da gajeriyar magana ba, amma zafi ake yi.

Lahadi, 17 ga Afrilu

Na fitar da littattafan na sha musu iska. Fiƙihu, nahawu, lissafin taurari, da waƙoƙin wa'azi da Baba ya tsara da kansa cikin ajami, waɗanda ba su a ko'ina a duniya sai nan. Rubutunsa ƙanana, a tsaye, kamar yadda shi kansa yake tsayuwa. Na zuba ganyen dogon yaro a kowace gafaka, na mayar da su, na rufe bakin alkukin da katako, na liƙe gefe da gefe da laka. Ko tururuwa sai ta yi sallama. Sai bayan damina kuma.

Jumma'a, 29 ga Afrilu

A makaranta ba maganar da ake yi sai mulkin kai. Hedimasta ya ce in fassara wa yara ma'anar 'yanci. Na ce musu shi ne ranar da in rufinka ya yi yoyo ba ka da wanda za ka zaga sai kanka. Ya ce in sake wata.

Litinin, 6 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah. Siddiƙu ya yanka rago mai ƙahon da ya kamata a nema masa sarauta. Ya shigo ta 'yar ƙofa da cinya guda a hannunsa, ya durƙusa kamar yadda ya saba, “Yaya, an yi Sallah lahiya?” Sadiyatu ta tsokane shi cewa tun da ya shiga fata har gaisuwarsa warin jima take yi. Ya ce in ta gaji da mai tawada ta faɗa, ɗaki na nan. Muka yi dariya. Ya tambaye ni lafiyar ɗakin Baba, sau biyu. Na ji daɗi. Na ɗauka tunawa ce.

Laraba, 22 ga Yuni

Ruwa mai ƙarfi da la'asar. Bayan magariba shinge, garar nan mai fukafukai, ya tashi, unguwa ta cika da kwanoni da fitilu ana kamu. Ina zaune ina dariyar mutane da fukafukai a gashin baki, sai Sadiyatu ta ce, “Malam, wanga shingen ba daga waje shika shigowa ba.”

Daga ɗakin Baba yake fitowa. Daga gefen katakon.

Alhamis, 23 ga Yuni

Na ɓalle katakon da safe. Ya zo a hannuna ba nauyi, ɓawo kawai.

Ba zan iya rubuta shi da kyau ba. Alkukin ya cika da ƙasa, ja, mai danshi, da hanyoyi a ciki kamar garin da aka tsara. Gara ta shigo ta bayan alkukin, ta cikin bango, inda ba ido ba toka. Gafakar farko na ɗaga ta, sai ta zube. Fiƙihu an ci gefensa an bar tsakiya, ana iya nemansa wurin wasu. Taurari rabi. Waƙoƙin Baba su ne a can ƙurya, su ta fara iskewa. Abin da ya rage bai cika tafin hannuna biyu ba, kuma ba baiti guda da ya kai ƙarshensa.

Na kwana biyu ina ba yara labarin garuruwan da aka ƙone littattafansu. Ashe ba sai da wuta ba.

Asabar, 25 ga Yuni

Ban je makaranta ba. Na ce zazzaɓi. Ina jera guntayen takarda a kan faifai kamar mai shanyar kuɓewa.

Abin da ya hana ni sukuni: bangon nan ya fi ni shekaru, gara ba ta taɓa shi ba. Me ya sa bana?

Talata, 28 ga Yuni

Na iske Tambari yana gyaran indararo a Unguwar Rogo. Da ya hango ni bai sauko daga tsani ba sai da na ce zan jijjiga.

Ga abin da ya fito, da ƙyar, kamar ana cire ƙaya. Lokacin da suka share wurin siton sun iske shuri a gindin bangon, tsohon gidan gara, bakinsa a gefen Siddiƙu. Shekara da shekaru ta can take fita ta ci karan dangarsu da tsummokinsu, shi ya sa ba ta kula mu ba. Tambari ya ce a haƙa a ciro uwar, in ba haka ba banza ne. Amma gidan ya shige ƙarƙashin bango, haƙa shi sai an fasa gindin ɗakin Baba, kuma mutumin kamfani na tafe duba sito. Siddiƙu ya ce a zuba siminti a kai.

“Na hwaɗa mishi, wallahi. Nac ce in ka rufe mata baki nan, can za ta ɓullo, gara ba ta mutuwa don an yi mata murhi.”

Na ce, shi kuma ya ce me?

Ya daɗe yana goge laka a gwiwarsa. “Yac ce Yaya kullum cikin toshe-toshe shike, ko ƙuda ba shi shiga gidanai. Za shi tsare kainai.”

Wato da ni aka yi lissafin. Tokata da kananzir ɗina su ne suka ba shi ƙarfin zuciya.

Na ce, kai kuma da ka zo ka shafe mini bangon sumul? Ya ce ai ya ce in mayar da su akwati. Haka ne, ya ce. Kamar ka ga mutum zai taka kububuwa ka tambaye shi ko ba ya son ya bi ta wancan gefen, akwai inuwa.

Jumma'a, 1 ga Yuli

Bayan masallaci na tsare Siddiƙu a zaurensa. Na riga na tsara jawabi, da aya da misali. Da na gan shi duk ya tafi, sai na buɗe hankici na ajiye masa guntayen a kan buzunsa.

Ya dube su. Ya gane hannun. Bai musa komai ba, wannan ma ya ƙara mini haushi, na zo da shirin kama maƙaryaci. Ya ce, “Yaya, ban aza za ta kai nan ba. Da na rasa wakilcin nan, bakin mutum nawa ka ci gidana?” Na ce da ka gaya mini, da na kwashe su da hannu ɗaya, ko tashi daga zaune ba sai na yi ba. Ya ce, “Da na hwaɗa maka, da ka ce a haƙa ko ka ce kar a taɓa bangon Baba. Kowanne kac ce, na rasa.”

Na ce to yanzu wa ya rasa?

Na tattara Baba a hankici na fito ta ƙofar titi, kamar baƙo.

Lahadi, 3 ga Yuli

Na toshe 'yar ƙofa. Da hannuna, ban kira kowa ba. Tubali, laka, toka da yawa. Aikin ya karkace kamar haƙoran tsohuwa amma zai tsaya. Shekaru ina bin ramin ɓera, ashe babban ramin a tsaye yake, har da labule.

Sadiyatu tana tsaye da tsintsiya har na gama. Ta ce, “Wuta hwa, in tamu ta mutu?” Na ce akwai ashana, zamani ya zo.

Litinin, 18 ga Yuli

Na sayi akwatin ƙarfe, na ɗora shi a kan duwatsu, kowane dutse a cikin kwanon baƙin mai. Abin da ya tsira yana ciki. Tambari zai ji daɗi, an bi shawararsa.

Ya zo gaisuwa sau biyu. Na sa aka ce ina barci. Na biyun a zaure nake zaune yana kallona lokacin da na faɗa.

Talata, 2 ga Agusta

Gara ta ɓullo a kusurwar ɗakin, na toshe. Ta ɓullo a jikin taga, na toshe. Kamar jayayya da wanda ba ya jin kunya.

Ina ƙoƙarin tuna waƙoƙin. Nakan kama farkon baiti, in ji muryar Baba har da tarinsa, sai ƙarshen ya ɓace. Ban haddace su ba, don me zan haddace abin da ke cikin bangona.

Alhamis, 11 ga Agusta

Sadiyatu ta rame. Ba ta fita da rana, kuma zuwa wurin Atika matar Siddiƙu yanzu sai an zagaya ta titi, sai an nemi izini, sai an yafa mayafi, don tafiyar da a da taku uku ce. Jiya na gan ta ta jingina da sabon ginin nawa tana sauraron dakan da ake yi a can. Tare suke daka tun zuwan Atika gidan.

Na ce mata, cikin raha, ko in huda mata wurin kunne. Sai ta ajiye muciya.

Ta ce ta sani. Tun Afrilu. Atika ta gaya mata a bakin rijiya, ta sa ta rantse. Ta ce ranar da nake liƙe katakon tana tsaye a bayana da ƙwaryar lakar a hannunta, maganar tana bakinta.

Na ce me ya riƙe ta?

“Malam, kai mutum na da ba a kawo ma labari. In an hwaɗa maka abu sai ka mai da mai hwaɗin abin dariya, unguwa ta kwana tana maimaitawa. Nac ce ko na hwaɗi, cewa za ka yi mata sun hwara duba.”

Ƙwaryar da na liƙe alkukin da ita. Ita ta riƙe mini.

Asabar, 13 ga Agusta

Mutum uku. Har gara ta fi su, ita ba ta taɓa gaishe ni ba.

Lahadi, 21 ga Agusta

Ina cin abincinta, ina cewa an gode. Tana cewa a ci lafiya. Gidan ya yi tsit, ba ɓera, ba kyankyaso, ba kowa.

Maganar da ta yi a kan bakina ba gaskiya ba ce. Ko da gaskiya ce ba hujja ba ce.

Talata, 6 ga Satumba

An yi Mauludi. Aka aiko da tuwo daga gidan Siddiƙu ta ƙofar titi, ya iso da sanyi. Na ce a ba maƙwabta.

Tambari ya tare ni a hanyar kasuwa, ya riƙe mini keke. Ya ce Siddiƙu ya so a haƙa tun Yuli, shi ya hana, don ba a taɓa gindin bangon ƙasa ruwa na zuba, sai ɗakin ya kwanta gaba ɗaya. Na ce na san wannan, ni ma a gidan ƙasa aka haife ni. Na ce kuma da damina da rani duk ba su dawo da baiti. Ya sake mini keken.

Alhamis, 22 ga Satumba

Ana ta koya wa yara maci da sabuwar tuta. An ce Siddiƙu ya ɗinka riga ta musamman, za a zaunar da shi a rumfar 'yan kasuwa. Ya dace. Mutumin da ya iya rufe abu da siminti ya yi gaba, irinsa sabuwar ƙasa za ta nema.

Wannan maganar ta yi daɗi da na rubuta ta. Ba wanda zan gaya wa.

Asabar, 1 ga Oktoba

Mulkin kai. Na kai yarana fili da safe, na tsaya a rana har aka gama jawabai, na gudo kafin rabon shinkafa. Unguwa ba kowa, duk an tafi kallo.

Ina shiga na ji bugu. Diga a kan siminti, daga bayan bangon Baba. Na san bugun Tambari, a hankali yake, kamar mai tunani. Wannan ba shi ba ne, ko kuma ba shi kaɗai ba. Akwai wani mai bugu uku ya tsaya ya yi nishi. Nishin gidanmu ne, haka Baba yake yi in ya tashi daga buzu.

Ba wanda ya nemi izinina. Na zauna a kan akwatin ƙarfe ina jiran in tashi in hana. Har la'asar ina jira.

Litinin, 3 ga Oktoba

Jiya da hantsi bakin diga ya leƙo ɗakin Baba. Ƙasa ta zubo, haske ya shigo ta gindin bango, rami kamar bakin tulu. Na ga ƙafa, fari fat da ƙura, da babban yatsa mai karkata irin nawa. Ƙafar ta ja baya.

Yau da azahar sai ga akushi an turo ta ramin, an rufe da faifai, kamar abincin suna. Na buɗe. Uwar garar ce. Fara, mai kitse, ta kai tsawon yatsana, tana numfashi, ba ta iya ko juyawa. Wannan ce ta karance Baba daga farko har ƙarshe, abin da ni ban yi ba.

Daga can aka ce, “Yaya, ga ta.”

Na ɗauki akushin na fita. Na ba kazar Sadiyatu. Na wanke akushin da kaina, na tura shi ta inda ya zo. Ba a mayar da kwano ba wanki, wannan tarbiyya ce, ba sulhu ba.

Laraba, 12 ga Oktoba

Mutumin kamfani ya zo ya iske daɓe a farfashe, fatu a tsakar gida a kan itace. An ce ya rubuta wani abu ya tafi. Sadiyatu ce ta gaya mini, kuma ban tambaye ta inda ta ji ba, ko da yake na ga gwiwoyin zanenta da jar ƙasa.

Wakilcin ya koma hannun wani. Ban ji daɗi ba. Na duba sosai ko zan ji, ban samu ba.

Tambari ya zuba toka da baƙin mai a gurbin, ya cike, ya zo da laka zai rufe ramin ta gefena. Na ce ya bari ƙasar ta sha iska tukuna. Ya ce, “To.” Na ce kuma daga yau in yana da magana ya faɗe ta duka, “to” ɗinsa ta ci mini gado. Ya ce to.

Alhamis, 20 ga Oktoba

Ban yafe ba. Ina rubutawa don kada wani ya ɗauka, ko ni.

Kowace safiya in Siddiƙu ya shiga siton yakan tsaya ya ce, “Yaya, an tashi lahiya?” Ga bango yake faɗa. Ni kuma ina karatu.

Lahadi, 30 ga Oktoba

Tambari ya sake zuwa da lakarsa. Ya sa hannu a ramin ya ce ya bushe kamar ƙashi. Na ce ni ban ga alama ba, magini ba ya sanin danshi kamar mai ɗaki. Ya dube ni, ya buɗe baki, sai ya tuna sharaɗinmu, ya ce, “Malam Ladan, ƙarya kaka yi.” Na ce ya dawo bayan sanyi.

'Yar ƙofa tana nan a toshe, kuma aikina ne, ba mai rushe shi. Ɗakin Baba ne dai Sadiyatu ta ga yana bukatar shara sau uku a yini.

Da safen nan tari ya kama ni daidai lokacin gaisuwar. Daga can aka ce, “Sannu, Yaya.” Na ce yauwa. Tari ne, dole a amsa.

Kunama na iya shigowa ta ramin. Na zuba toka.